Hatimin Wayar Dada

A gidanmu na unguwar Jekadafari a Gombe ni ce 'yar aike tun kafin in iya ɗaura zani, kuma yawancin aiken bai taɓa fitar da ni daga tsakar gida ba. Tsakanin Dada ne, mahaifiyarmu, da Hamma, yayana, ɗanta na fari. Dada Bafulatana ce ta gidi, irin waɗanda ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa kallonsa ido cikin ido, ba sa yi masa magana kai tsaye. Sai ta ce da ni, “Ki ce wa wancan tuwonsa na hucewa.” Wancan ɗin kuwa yana zaune a kan turmi kusa da ita, yana jin ta sarai. Shi ma sai ya dube ni ya ce, “Ki ce mata na ƙoshi.” Ni kuma in tsaya a tsakiya in isar da saƙo, wani lokaci in ƙara gishiri na kaina don in ga ko ɗayansu zai harzuƙa ya yi wa ɗaya magana. Ba su taɓa faɗawa tarkona ba.

Na tsani wannan al'ada, kuma ban ɓoye ba. Goggo, ƙanwar marigayi Baba da ke zaune tare da mu, ta sha ja mini kunne a kai. Ta ce alkunya ce, ta ce haka aka yi mata, haka aka yi wa uwarta. Na ce to su ma an cuce su. Ranar na sha rankwashi. Akwai wani mai kananzir a bakin layinmu da ya yi suna ɗaya da Hamma, shi ma Dada ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce “mai jarka”. Har ya daina sana'ar ya koma sayar da katin waya, mai jarka yake a bakinta.

Ni da Hamma duk kwamfuta muka karanta. Ni na kama koyarwa a wata sakandare, inda nake fama da yara su gane bambancin ajiye fayil da goge shi. Shi kuwa ya kama ɗaki a saman wani shagon atamfa kusa da Kasuwar Gombe, yana rubuta manhaja ga mutanen da bai taɓa gani ba a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Mutum ne marar hayaniya, mai naci kamar ƙuda. In ya sa abu a gaba sai ka ji tausayin abin.

Matsalar ta fara ne da na yi aure na koma unguwar Gabukka. A lokacin idon Dada ya fara rufewa, ga hawan jini, likita ya ɗora ta a kan magani safe da yamma. 'Yar aike ta tafi, an bar mutum biyu a gida ba hanyar magana. Goggo ba ta riƙe lokaci, ita kanta sai an tuna mata da nata. An ce Hamma kan tsaya a ƙofar ɗakin Dada ya fuskanci bango ya ce, “Da alama lokacin magani ya yi a gidan nan.” Dada kuma ta amsa wa kaza, “Wasu dai ba su da aiki.” Maƙwabciyarmu, wata tsohuwar nas 'yar Tangale da ke zuwa auna mata jini, ita ce ta gaji da su. Ta ce da Hamma, “Ɗana, bango ba ya shan magani. Ka nemo dabara.”

Dabarar da ya nemo ita ce tsohuwar wayarsa, wata 'yar ƙarama mai maɓalli ɗaya a ƙasa wanda yatsa ke iya laluba. Ya ce zai yi mata manhajar da za ta riƙa magana da kanta in lokacin magani ya yi, in kuma Dada ta danna maɓallin ta faɗa mata ƙarfe nawa.

Wata rana da zafin bazara na biya ta ɗakinsa bayan an tashi makaranta. Fanka na juya iska mai zafi, ta taga ana jin masu dako na ihun a ba su hanya. Na tarar da shi ya ƙura wa allo ido, ga kwanon dambu a gefe ya bushe.

“Hamma, har yau wayar Dada ce? Abin da ɗalibina zai haɗa a mako?”

“Ɗalibinki wayarsa sabuwa ce,” in ji shi. “Ja kujera.”

Ya nuna mini. Wayar ta tsufa, ba ta da ƙarfi, ba ta da wurin ajiya, batirinta kuma ba ya jure kwanakin da wuta ke ɗaukewa. Don haka ya matse sautin da wata hanya tasa ta kansa, ya kuma rubuta ɓangaren da ke buɗe sautin da hannu, a harshen da ya fi kusa da na injin, umarni ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan rubutu wata manhaja ce da ake kira asembula ke juya shi ya zama fayil da injin ke ganewa. Masu sana'ar objek suke ce wa fayil ɗin, Hamma kuwa bulo yake ce masa. Manhaja ba ta tashi da bulo ɗaya. Akwai wata kuma, linka, wadda ke ɗaukar bulon nan da na can ta haɗa su su zama gini, shi ya sa yake ce mata magini.

Duk wannan na sani tun a makaranta, na kuma gaya masa haka da ɗan zafi. Ya ce to ga abin da ba a koya mana ba. Sauran bulon da ke fitowa daga manyan kayan aiki kowanne da hatiminsa a jiki, ɗan rubutu da ke cewa don wane irin na'ura aka yi ni, kuma wane ne mafi tsufan zubin tsarin waya da zan iya aiki a kai. Asembular da yake so, wadda ya saba da ita, tana fitar da bulonta tsirara, ba hatimi. Magini kuma ya fara ƙorafi duk lokacin da ya ci karo da irinsa, yana cewa bai san don wa aka yi wannan ba.

“To ka canja asembula mana.”

“A'a. Ita zan koya wa buga hatimi.”

Abin da yake yi ke nan tun makonni. Asembular ta kowa ce, cikinta a buɗe yake, ya shiga ya ƙara mata wurin da za ta rubuta irin na'urar da lambar zubi a kan kowane fayil da ta haifa. Ya gungura allo ya nuna mini layin da ya sa lambar da za ta riƙa bugawa in ba a ce mata komai ba. Tara ce.

Na yi dariya har na ƙware. “Tara? Hamma, duniya ta bar tara tun ina budurwa.”

“Wayarta tara ce.”

“Wayar wa?”

Ya harare ni. “Kin sani.”

Na sani, neman magana nake. Ya ce hatimin ƙasa kawai yake faɗa, daga nan zuwa sama zan yi aiki. Ba a rubuta sama, don ba wanda ya san inda abin zai tsaya. Na ce ya fara wa'azi, ya ci dambunsa. Daga baya na ji cewa har a aikin mutanen waje tarar nan ta riƙa fitowa, sai da wani ya rubuto yana tambayar dalili. Ya gyara musu nasu ɗaya bayan ɗaya da hannu, amma bai taɓa layin da ke cikin asembular ba.

Ina gidan ranar da aka fara gwada wayar. An idar da la'asar a masallacin layinmu, ina ɗauke da tire, sai muryar Hamma ta fito daga ƙarƙashin matashin Dada, siririya, da ɗan karkarwa saboda lasifikar ta tsufa. Da Fillanci ya yi maganar. “Dada, wakkati lekki waɗi.” Dada, lokacin magani ya yi. Saura kaɗan tiren ya suɓuce mini. A duk rayuwata ban taɓa jin ya kira ta ba. Ashe a ɗakinsa na kasuwa, shi kaɗai da ƙofa a rufe, ya iya. Na dubi Dada. Ko gira ba ta ɗaga ba. Ta laluba ta ɗauko ledar magani, ta sha, sannan ta ce da ni, “Ki ce wa wancan abin nasa ya cika ƙara.” Wancan yana zaure yana gyara takalmi wanda ba abin da ya same shi.

Haka aka zauna shekaru. Jinin Dada ya daidaita, nas ta daina faɗa.

Da damina Hamma ya rasu. Zazzaɓi ne, irin wanda kowa ke cewa zai wuce, bai wuce ba. Da hantsi aka yi, kafin azahar an kai shi. Ba zan tsawaita a nan ba, don har yau in na tsawaita ba na iya tashi in yi wani aiki.

Abin da zan faɗa shi ne zaman makoki. Ɗakin Dada cike da mata, tana zaune a tsakiya da carbi, idonta a bushe. Ana ta yaba mata, wai ga pulaku, kunya da dauriyar Fulani, wai ga mace. Wata ta ambaci sunansa a cikin addu'a, Dada ta sunkuyar da kai kamar an faɗi abin kunya. Na ji kamar in tashi in girgiza ta in ce ya mutu fa, yanzu kuma kunyar wa kike ji. Ina cikin wannan tafasa aka yi kiran la'asar, aka idar, ɗakin ya yi tsit, sai daga ƙarƙashin matashi ya ce, “Dada, wakkati lekki waɗi.”

Wata mata ta yi salati ta zabura har ta taka kwano. Wasu suka fashe da kuka. Ni kuwa na san layin da ya sa abin ya yi magana, na san bulon, na san hatimin da ke jikinsa. Sanin bai hana ni waigawa ƙofa ba. Goggo ta miƙa hannu tana cewa, “A kashe abin nan, a bar bawan Allah ya huta.” Dada ta ɗora tafinta a kan matashin.

“A bar shi.”

Ta ɗauko ledar, ta ɓare ƙwaya, ta sha a gaban kowa.

Goggo ba ta haƙura ba. Duk zuwana sai ta ja ni bayan ɗaki ta ce ba kyau, mamaci yana kira safe da yamma a gidan da ya bari, yaran maƙwabta sun daina shigowa ɗiban ruwa. Ni ma da farko nakan kauce wa lokacin. In na ga la'asar ta gabato sai in ƙirƙiro uzuri in tari keke in koma Gabukka. Daga baya abin ya juye, na koma ina daidaita zuwana da lokacin, in zauna a bakin ƙofa ina jira kamar mai jiran baƙo. Yakan zo, ya faɗi maganarsa, ya tafi. Dada ba ta taɓa amsa masa ba, shan maganin ne kawai amsarta.

Wayar kuwa tana ta tsufa. Batirin ya kumbura har bayanta ya ɗaga, Dada ta ɗaure ta da robar gashi. Na kai ta wajen masu gyara a kasuwa, kowa ya juya ta ya ce an daina kawo kayan irinta. Wani ya ce in na bari aka buɗe ta ma ba lallai ta sake tashi ba. Na sayi sabuwa, na ɗauko kwamfutar Hamma daga ɗakin da har lokacin ba mu sallama ba, na kai ta gidana. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Komai nasa a shirye yake, kowane fayil a inda ya kamata, kamar wanda zai dawo bayan sallah.

Sabuwar waya sai da sabbin kayan aiki, tsofaffin ba su ma san da ita ba. Na sa su, na ce a haɗa. Asembular Hamma ta yi aikinta, ta fitar da bulo. Magini ya ɗauka, ya duba, ya ajiye. Saƙon da ya rubuto gajere ne: an yi wannan fayil don zubi na tara, ba a karɓar abin da ya gaza sha biyu.

Na zauna ina kallon saƙon. Ashe saman da ya ce ba a rubutawa wasu ne ke rubuta shi, daga nesa, ba tare da sun tambayi kowa ba. Gyaran kuma ba wuya. Na san fayil ɗin, na san layin, da idona na ga ya nuna mini shi. In goge tara in sa sha biyu, in sake gina asembular, shi ke nan. Na buɗe layin, na kai yatsa, na kasa.

Ban san yadda zan bayyana wannan ga wanda bai san gidanmu ba. Hamma bai taɓa saya wa Dada zani ya miƙa mata da hannunsa ba, ta hannuna yake bi. Bai bar wasiƙa ba, bai bar hoto da ita ba. Abin da ya bari da ke nuna ita kai tsaye shi ne lambar nan guda, wadda ya ƙi canjawa ko da masu ba shi aiki suka yi magana. In na ɗaga ta, abin da zai fito ba zai ƙara tashi a kan wayar da ya ba ta ba. Maigidana ya leƙo ya ce, “Lamba ce fa kawai.” Na ce masa ya je ya duba ko an kawo wuta. Wutar tana nan, fitila na ci a kansa, amma ya fita.

Na bi ta kewaye. Na kai sabuwar wayar Jekadafari na kara ta a jikin tsohuwar na ɗauki muryar. Ta fito da carar zakara da tarin Goggo a ciki. Na kunna wa Dada, ta saurara, ta ce, “Wannan rediyo ne,” ta juya baya. Na gwada yaudarar magini ta hanyoyin da na karanta, ya ƙi. Sai na rufe kwamfutar na ce gobe. Goben nan ta daɗe, ina zuwa makaranta ina koya wa yara ajiye fayil, ina dawowa ina wuce kwamfutar kamar ban gan ta ba.

Rannan Goggo ta kira ni da rana tsaka. Ta ce wayar ta yi zafi, ta yi wani wari, ta mutu. Ta ce tun jiya, ba ta faɗa ba ne don tana ganin Allah ne ya kawo sauƙi. Amma yanzu Dada ta ƙi shan magani.

Na tarar da ita a kwance ta fuskanci bango, wayar a hannunta, tana danna maɓallin a hankali, tana sake dannawa. Na ɓare ƙwayar na kawo ruwa.

“Dada, ga magani.”

“Ba a ce in sha ba.”

“Ni na ce.”

Ta ci gaba da danna maɓallin. Na ji haushi na taso mini, na haɗiye. Sai na koma tsohon aikina, na gyara murya kamar ina ƙarama, na ce, “Dada, Hamma ya ce ki sha.”

Ta juyo da fuskarta inda muryata take. Idon nan da ba ya gani ya tsaya a kaina. “Ƙarya kike,” in ji ta. Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi ciwo.

Nas ta zo da abin awonta. Ta auna, ta sake aunawa, ba ta faɗi abin da ta gani ba, sai ta naɗe igiyar a hankali. Ta lallashi Dada da Hausa, ta haɗa da ɗan Fillancin da ta tsinta a asibiti, har ta ce mata ita ma ta binne ɗa, Dada ta riƙe hannunta amma ba ta buɗe baki ba. A zaure nas ta tsare ni. “'Yata, ban san abin da ke cikin kwamfutar nan ba. Amma in akwai abin da za ki iya, yau za ki yi shi. Jinin nan ba zai jira ki gama makoki ba.”

Na tari keke na koma Gabukka ina kuka a bayan mai keken, shi kuma yana ta ba ni haƙuri bai san na mene ne ba. Na buɗe kwamfutar, na je layin. Ban yi addu'a ba, ban yi wani tunani mai zurfi ba, haushi ne ma ya taimake ni, haushinsa da ya tafi ya bar ni da wannan, da haushinta, da na mutanen da suka yanke cewa tara ta tsufa. Na goge, na rubuta sha biyu. Na sake gina asembular, ta buga sabon hatimi a kan bulon. Magini ya ɗauka ya haɗa bai ce uffan ba. Shirun nasa ya fi ƙorafin tayar mini da hankali.

Dole in gwada kafin in kai. Na sa manhajar a sabuwar wayar, na matsar da agogonta zuwa lokacin magani, na ajiye ta a kan tebur. Abin da ya fito ban shirya masa ba. Tsohuwar lasifikar ta kasance tana cinye rabin sautin. Wannan ba ta ɓoye komai. Na ji fankar ɗakinsa. Na ji wani mai dako can ƙasa yana cewa hanya, hanya. Sannan na ji Hamma ya ja numfashi, ya riƙe, ya sake shi bai ce komai ba, ya kuma ja. Sai a na biyun ya iya cewa “Dada”. Shekarun nan duka numfashin yana cikin fayil ɗin ba wanda ya ji. Na tashi na fita tsakar gida na tsaya a rana, don falon ya yi mini kamar akwai mutum a ciki.

Kafin la'asar na isa Jekadafari. Na zare matacciyar wayar daga hannun Dada na sa mata sabuwar. Ta shafa ta sama da ƙasa, babban yatsanta na neman maɓalli a inda babu. Na yanki 'yar filasta da nas ta bari na manna a wurin don yatsan ya sami abin tsayawa. Ta miƙo ɗaya hannun, na mayar mata da tsohuwar, ta tura ta ƙarƙashin matashi. Goggo na bakin ƙofa tana tsince wake, tana yi mini kallon da na san ma'anarsa. Na fita wajen famfo na kama wanke kofunan da ba su da datti.

Aka kira salla, aka idar. Na ji fankar ta fara daga cikin ɗakin, na ji mai dako. Numfashi na farko, shiru, numfashi na biyu.

“Dada, wakkati lekki waɗi.”

Ruwa na zuba a kan hannuna ban rufe famfon ba. Sai na ji muryar Dada, ƙasa ƙasa, a shaƙe. Sunansa ta kira. Cikakken sunan da aka raɗa masa, wanda ban taɓa ji a bakinta ba, ta faɗe shi da wata irin lanƙwasa da ba wanda ke faɗarsa haka a gidanmu, kamar ta daɗe tana faɗarsa a ciki ita kaɗai. Ta ce, “Ina ka shiga?”

Ba zan rubuta sunan a nan ba. Ita ta riƙe shi tsawon rayuwarsa, ba ni zan zubar da shi a takarda ba. Wake ya tsaya a hannun Goggo. Ta dube ni, na dube ta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na shiga da kofin ruwa. Dada ta riga ta tashi zaune, ta laluba ledar da kanta. Ta karɓi ruwan, ta haɗiye ƙwayar. Na tsaya ina jiran saƙo, don jikina ya saba, ina jiran ta ce ki ce wa wancan. Ta kai wayar kusa da bakinta ta ce, “Na sha.”

Na zauna da ita har rana ta yi sanyi. Nas ta leƙo ta ga ledar a buɗe, ta koma ba ta shigo ba. Da na ɗauki jakata zan tafi, Dada ta kira ni.

“Wa ya gaya masa na sake waya?”

Na rasa ta inda zan fara. Bulo, magini, hatimi, duk suka zo mini baki suka koma. Na ce, “Ni na rubuta masa, Dada.”

Ta shafa filastar da yatsa. “To,” in ji ta. “In an sake, ki kuma rubuta masa. Kada ki bari ya neme ni ya rasa.”

Kwamfutarsa tana kan teburina a Gabukka, ba na barin cajinta ya ƙare. Kwanan baya na sabunta kayan aikin don in gani, magini ya haɗa, amma ya rubuto gargaɗi a ƙasa cewa sha biyu ma ta kusa fita.